Sunan da Babanku Ya Rubuta da Fari

Akwai wata magana da kuke yi duk lokacin da kuka taru a gidan nan ran Kirsimeti, wai kwamfuta ce ta yi wa Babanku wa'azin da Fasto ya kasa yi masa. Ina jin ku daga kicin kuna ƙyaƙyata dariya, ba na tanka muku, don dariyar 'ya'ya a gidan uwarsu ba abin katsewa ba ce. To amma yanzu jikokina sun fara ɗaukar zancen kamar haka yake a rubuce, har ƙaramar cikinsu ta tambaye ni ko gaskiya ne Kaka ya fi son shafinsa na waƙoƙi a kan ɗansa. Wannan tambayar ta hana ni sakat. Kun ce ya sauko ne don ya ceci shafin. Ba haka aka yi ba, ni Rifkatu ina wurin, kuma tun da idona bai gama gajiya ba bari in faɗa muku yadda abin ya kasance.

Babanku Ishaku ma'aikacin reluwe ne, mai kula da sigina a tashar Kafanchan, tun zamanin da jirgi ke shigowa garin nan da hayaniya har 'yan talla su rasa wanda za su fara bi. Ni kuma an kawo ni daga Kagoma ina koyarwa a firamare. Aikinsa ya shiga jininsa: ja ja ne, kore kore ne, babu wani abu a tsakani. In ya ce zai zo da ƙarfe huɗu, to ka ɗora ruwan shayi kafin huɗu. Ban da aikin tasha, shi ne kwayamasta, wato jagoran mawaƙa, na cocinmu tun kafin ya aure ni, kuma a kwaya ɗin ma ya gan ni, ko da yake har ya mutu yana cewa muryata ce ta fi kowace murya kauce wa hanya, ya aure ni ne don ya raba kwaya da ni. Mutum ne mai tsokana in yana cikin nishaɗi, amma in ya kafe, gara ka tura dutsen Kagoro.

Istifanus shi ne ɗanmu na fari. Da aka haife shi kukansa siriri ne mai tsawo, Babanku ya ce wannan ai usur ɗin jirgi ne, sunan kuwa ya bi shi, a gida kowa Usur yake ce masa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: yaron ya taso da murya da kunnen waƙa fiye da na ubansa. Babanku ya sa rai ƙwarai. Ya tura shi makarantar Baibul, yana ganin wata rana uba zai jagoranci waƙa ɗa ya hau bagade. Shi kuwa Istifanus zuciyarsa ba ta can. Ya bar makarantar ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya ɗauki akodiyan ɗin ubansa, wanda ake kaɗawa a sujada, ya riƙa yin kiɗa da shi a wani gidan giya da ke bayan tasha. Garin nan kun san shi, in ka yi atishawa a kasuwa sai a ce maka sannu a Kagoma. Dattawan ikilisiya suka kira Babanku, suka zaunar da shi kamar yaro, a gaban mutanen da shi ya koya wa waƙa. Da ya fito, a ƙofar coci, jama'a na tsaye, Istifanus ma yana tsaye, ya ɗaga murya.

"Ku zama shaida. Daga yau bakina ba zai sake kiran sunan yaron nan ba."

Magana zarar bunu ce. Washegari Istifanus ya ajiye akodiyan a kan kujerar ubansa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya shiga mota zuwa kudu. Daga nan sai labarin ƙanzon kurege: wani ya ce ya gan shi a Legas, wani ya ce Fatakwal, wani ya ce ya ƙetare iyaka. Ku ƙanana ba za ku tuna wani abu ba, amma ni shi ya fi ci mini rai. Tun da na haihu, Baban Istifanus nake ce wa mijina, shi kuma Maman Istifanus yake ce mini, haka duk unguwa take kiranmu. Rana ɗaya aka wayi gari sunayenmu sun mutu. Maƙwabta suka koma cewa Baban Saratu, da sunan 'yarmu ta biyu, suna faɗa suna sunkuyar da kai. Ni bakina ya daɗe bai saba ba. Sai in buɗe baki in kira shi cin abinci, in ji tsohon sunan ya taso, in haɗiye, in ce kawai, "Abinci ya yi." Na yi fushi da shi, na yi kuka, na kai ƙara wurin Allah ba sau ɗaya ba. Shi kuwa fuskarsa kamar an rufe ƙofa.

Shekaru suka tafi, jirgi ya rage zuwa, Babanku ya yi ritaya. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne waƙoƙin sujada na yarenmu. Littattafan da aka buga tun da daɗewa sun yayyage, tsofaffin da suka haddace suna ta tafiya, yara kuma sai Hausa da Turanci. Saratu, wadda a lokacin take aiki a Kaduna tana zaune a Sabon Tasha, ita ta buɗe masa shafi a intanet, ta koya masa yadda zai shigar da waƙa, yadda zai ƙara girman rubutu, yadda zai canza masa launi. Kullum bayan abincin rana sai ya saka hularsa, ya naɗe tsohon littafi a leda, ya tafi shagon Mista Okeke. Shi Mista Okeke abokin aikinsa ne tun a reluwe, iyayensa daga gabas suka zo amma a nan aka binne cibiyarsa, bayan ritaya ya buɗe shagon da ake biya a hau intanet. A can Babanku yake zama yana buga waƙa da yatsa ɗaya, kamar kaza tana tsintar dawa.

Shafin ya yi albarka fiye da yadda muka zata. Mutanenmu da ke Legas da Abuja da ƙasashen waje, in an yi rasuwa ko aure suna son waƙar gida, sai su rubuta layin farko a injin bincike, wannan wurin da ake rubuta abin da ake nema ya jero maka shafuka, sai shafin Babanku ya fito a sama. Ana bugo masa waya daga wuraren da bai taɓa jin sunansu ba. Yakan dawo gida yana taƙama, ya ce mini, "Maman Saratu, yau an rera ni a Ingila." Ni kuma in ce masa to Ingilar ta zo ta tsinke mini ganyen rama.

A shekarar da nake son ba ku labari, da damina ta kankama, wayoyin suka canza. Wata mata ta bugo daga Legas tana kuka, uwarta ta rasu, tsohuwar ta bar wasiyya a rera mata wata waƙa, sun nema sun nema shafin bai fito ba. Babanku ya rera mata ta waya tana rubutawa. Bayan ita wani, bayan shi wani. Shafin yana nan, in ka san adireshinsa za ka shiga, amma injin bincike ya daina nuna shi, kamar gidan da aka cire allon da ke nuna hanyarsa. Babanku ya ce aikin Shaiɗan ne. Ya bugo wa Saratu, ta ce ta ga wani saƙo ya shigo mata tun da da sunanta aka yi rajistar shafin, za ta zo ran Asabar.

Ta zo da kwamfutarta ta hannu, ta ɗora a kan teburin falo, ruwa na zuba a kan kwano. Ni ina gefe ina gyaran wake.

"Baba, mutanen injin sun ce akwai ɓoyayyen rubutu a shafinka. Wai sipam."

"Mene ne kuma sipam?"

"Shara, Baba. Rubutun da aka cusa don a yaudari injin. Ni na ɗauka ko wani ne ya yi hakin ɗinka, ya shiga ya zuba abin banza. Bari mu duba."

Na ga Babanku ya gyara zama. Ya ce ai ba sai an duba yau ba, ta huta tukuna, ta sha ruwa. Saratu ba ta ma ji shi ba. Ta buɗe waƙar farko, ta gangara ƙasa. A ƙarƙashin baiti na ƙarshe akwai fili fari fat, mai tsawo, wanda ni da na sha gani na ɗauka haka shafi yake ƙarewa. Ta ɗora yatsa ta ja a kan farin wurin. Wurin ya rine shuɗi, sai ga rubutu ya fito a ciki, layi bayan layi, kamar yadda tururuwa ke fitowa in ka ɗaga dutse. Na ajiye tiren wake na matso, na gyara tabarau.

Istifanus Ishaku. Usur. Ka dawo gida. Istifanus Ishaku. Usur. Ka dawo gida.

Haka yake har ƙasa. Saratu ta buɗe waƙa ta biyu, haka. Ta buɗe ta Ista, ta buɗe ta jana'iza, ta buɗe ta ɗaurin aure, duk haka. Babu waƙar da ya shigar tun farkon shafin da bai bi ta da wannan ba, ya rubuta da yatsansa ɗaya, sannan ya mayar da launin rubutun fari a kan farin shafi don kada ido ya gani. Na zauna a hannun kujera. Shekara da shekaru ina kwana da mutumin nan ina ce masa mai zuciyar dutse a raina, ashe kullum da rana in ya saka hula ya fita, kiran ɗansa yake zuwa yi. Na ji tausayinsa, na ji haushinsa, na kuma ji ina ƙaunarsa kamar ranar da aka kawo ni.

Shi kuwa yana kallon taga. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"Bakina na ce. Ban ce hannuna ba."

Saratu ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Ni na ce masa ashe dai a gidan nan akwai lauya ban sani ba.

Da yammacin ranar Mista Okeke ya zo da kansa, yana juya hula a hannu, ya faɗi nasa. Wai wata rana Babanku ya tambaye shi, a kaikaice, ko mutum yakan rubuta sunan kansa a injin nan.

"Malama, na ce masa kowa yana yi, har ni. Sai ya ce to in sunan mutum yana wani peji, injin zai kawo shi wurin? Na ce zai kawo. Ni ne na nuna masa wayon. Masu otel da masu sayar da fili suna yi, su rubuta kalma da yawa da farin kala, injin ya gani, mutum bai gani ba, peji ya hau sama. Ban san abin zai zama wahala ba. Na ga mutum yana son pikin ɗinsa, ɗansa na cikinsa, shi ke nan."

Ban iya yi masa faɗa ba. Na zuba masa kunu.

Saratu ta zaunar da ubanta ta yi masa bayani yadda zai gane. Ta ce injin yana da wasu kamar 'yan aike da ke zagaya shafuka suna karanta komai, har abin da ido ba ya gani. Da can wayon yana ci, amma mayaudara suka yi yawa, mutum ya nemi magani a kai shi shagon caca. Sai masu injin suka koya masa ya riƙa gwada launin rubutu da launin shafi, ya kuma lura da kalmar da aka maimaita fiye da hankali. In ya kama, ya tura shafin can baya ko ya cire shi ɗungurungum, wani lokaci ma mutum ne zai duba da idonsa ya aiko da gargaɗi, irin wanda ta samu. Dokarsu guda ce, in ji ta: abin da ka nuna wa injin, shi za ka nuna wa mutane.

"Amma ni ba ƙarya na rubuta ba," in ji Babanku.

"Injin bai san wannan ba, Baba. Shi dai ya ga an ɓoye. Hanya biyu ne. Ko in goge duka yanzun nan, in rubuta masu su sake dubawa, ba wanda zai sani sai mu uku da Mista Okeke. Ko kuma ka rubuta sau ɗaya, da baƙi, inda kowa zai gani."

Ku riƙe wannan da kyau, don a nan labarinku ya kauce. Da shafin kawai yake son ceta, hanya ta farko tana gabansa, mai sauƙi, ba kunya ba tonon asiri. Saratu har ta ɗora hannu za ta fara. Ya kama hannunta ya ce ta bari. Gogewa a wurinsa daidai take da ya juya wa yaron baya karo na biyu. Rubutawa da baƙi kuma daidai take da ya tsaya a gaban garin da ya sa shaida ya ce shi Ishaku, mai magana ɗaya, ya lashe amansa. Ya ce a ba shi lokaci. Saratu ta koma Sabon Tasha, shafin ya ci gaba da zama a ɓoye, wayoyi suka ci gaba da shigowa, shi kuma ya daina zuwa shagon Mista Okeke. Abinci ma sai ya taɓa ya ture.

Makonni suka wuce a haka. Wata safiya muka hau babur zuwa Kagoma duba gonar doya da 'yan'uwana suke noma mana. Muna tafiya tsakanin kunyoyin doya, ganye ya hau sanduna ya yi kore shar, sai ya tsaya ya ce:

"Maman Saratu, in na janye, wa zai sake yarda da maganata?"

Na ce masa, "Ni dai tun da ka yi rantsuwar nan ban ga wanda ta ciyar ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kai da kanka kake koya wa yara waƙar makiyayin da ya bar tumaki ya tafi neman guda ɗaya. Shi makiyayin, da raɗa ya yi kiran?"

Ya sunkuya ya gyara wata igiyar doya da ta sauka daga sandarta, ya daɗe yana naɗa ta fiye da yadda aikin yake bukata. A hanyar dawowa na ƙyale shi, don na san in ana dafa abu ba a yawan buɗe tukunya.

Ran Lahadi, bayan an karɓi baiko, wato sadakar coci, lokacin sanarwa, ya miƙe daga gaban kwaya. Bai gaya mini zai yi ba. Ya tsaya riƙe da 'yar sandar da yake ba mawaƙa hannu da ita.

"Jama'ar Ubangiji, a ƙofar nan na sa ku shaida. Yau ina roƙo ku sauke shaidar. Na yi magana cikin fushi, na riƙe ta cikin girman kai. Kuma na ɓoye abu a ƙarƙashin waƙoƙin Allah, har ya jawo mutane suka rasa waƙar binne iyayensu. Ina da ɗa. Sunansa Istifanus. Duk wanda ya san inda yake, ya gaya masa ubansa yana nemansa."

Matan zumunta suka fara kuka, wasu suka ce amin. Amma kada ku ɗauka kowa ya tafa. Wasu dattawa sun ce wanda ya haɗa waƙar sujada da wayon 'yan damfara bai kamata ya ci gaba da tsayawa a gaba ba. Wasu a kasuwa suka riƙa ce masa Baba Farin Biro. Ba a kore shi ba, amma an yi zama a kansa, kuma da ya ji an yi zaman bai jira sakamako ba. Lahadi ta gaba ya miƙa sandar ga mataimakinsa, ya koma bencin baya kusa da ni. Wannan kwaya ita ce rayuwarsa tun yana saurayi. Ina ganinsa in an ɗauki waƙa da sauri fiye da kima, yatsunsa suna bugun gwiwarsa suna neman ja da ita baya, ba mai kallonsa. Bai sake tsayawa a gaba ba har ya koma ga Ubangiji, kuma bai taɓa yin gunaguni a kai ba, ko a ɗaka.

Saratu ta dawo ta share farin rubutun waƙa bayan waƙa, yini guda tana yi. Ya zauna kusa da ita yana kallo kamar ana kwashe masa amfanin gona. Da ta gama, ya ce ta matsa. Da yatsansa ɗaya ya rubuta a saman shafin farko, da baƙi, manyan haruffa, sau ɗaya: sunan yaron, da sunan gida, da cewa ubansa da uwarsa suna nan a gidan da ya sani, ƙofa a buɗe take. Saratu ta rubuta wa masu injin ta ce an gyara, a sake dubawa. Ba su amsa da wuri ba. Sai da damina ta ja baya aka fara haƙar citta, rannan Mista Okeke ya zo a guje, tsoho da shi, yana haki, ya ce peji ya dawo. Masu neman waƙa suka ci gaba da samu. Wanda muke nema kuwa shiru.

Kullum Babanku yana zaune a baranda da waya a cinyarsa. In ta yi ƙara sai ya zabura, in ya ji mai neman waƙa ne sai ya amsa da ladabi, ya ajiye, ya ci gaba da kallon hanya. Na fara tsoron ko ya zubar da girmansa a banza, ko yaron ma ba ya raye. Ban faɗa masa ba, amma na san shi ma abin yana ransa.

Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti, da hantsi, ina shanya citta a tsakar gida, na ji babur ya tsaya a ƙofa. Wani mutum ya sauko, mai furfura a gemu, da 'yar jaka a kafaɗa. Ya tsaya bai shigo ba. Ni da na haife shi sai da na dube shi sau biyu. Abin da na yi bayan nan ba zan iya ba da labarinsa ba, an ce maƙwabta sun fito da gudu sun ɗauka gobara ce. Babanku ya taso daga baranda, ya zo har tsakiyar gida, ya tsaya. Istifanus ya durƙusa a kan cittar da nake shanyawa. Uban ya kama shi ya ɗaga, suka riƙe juna.

Sai bayan ya ci abinci ya huta, muna zaune mu uku a falo, ya ba mu labari. Yana Fatakwal, yana koyar da kiɗa a wata makaranta, yana da mata da 'ya'ya, wasu daga cikin jikokin nan nawa. Babanku ya tambaye shi yadda aka yi ya ga saƙon.

"Baba, ai na daɗe da sanin pejin nan. Shekarun baya na rubuta sunana a injin, haka kawai, don in ga ko wani yana nemana. Sai ya kawo ni pejinka. Na karanta daga sama har ƙasa, na buɗe waƙa bayan waƙa, ban ga sunana ba ko sau ɗaya. Na ce injin ne ya yi mistek. Amma ban daina zuwa ba. Duk ran Lahadi sai na buɗe, in rera ni kaɗai, in gangara har ƙasa inda fari yake, in ce wa kaina, dubi duk wannan fili, Baba bai samu wurin da zai sa mini ko kalma ɗaya ba. Sai in rufe."

Na dubi Babanku. Duk shekarun nan yaron yana zuwa har bakin ƙofa, idonsa a kan sunansa, uban yana kira da dukan ƙarfinsa, ɗan yana kallo bai ga komai ba. Hawaye suka gangaro masa har cikin gemu, bai share ba. Ni ce na gaya wa Istifanus abin da ke cikin farin wurin, don uban ya kasa. Shi ma ya rufe fuska da hannuwa biyu.

Wannan shi ne abin da ya faru, ku gaya wa 'ya'yanku haka. Istifanus ya dawo da iyalinsa Kafanchan a shekarar da ta biyo, ya kama haya a bayan layinmu, kullum da yamma yana nan. Babanku ya yi sauran shekarunsa da wata sabuwar ɗabi'a da ta riƙa ba matar Istifanus mamaki har ta saba. Suna zaune a baranda, ba abin da ya faru, ba abin da yake bukata, sai ka ji ya ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Istifanus!"

"Na'am, Baba."

"Ba komai. Zauna abinka."